Zaren da Baba Bai Gama Cirewa Ba

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwar Baba a gidanmu na unguwar Madain Fahd a Jidda, kuma duk wanda ya shigo sai ya yi maganar hannunsa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce shi ya zare wa jikanta ƙayar kifi daga maƙogwaro tun kafin uwar yaron ta gama neman mayafinta. Abokansa na kasuwar kifi, waɗanda suka tsallako tare da shi daga Bur Sudan suna samari, suka tsaya a ƙofa aka ɗaga hannu aka yi fatiha, sannan ɗayansu ya ce, "Mutumin nan ko wace irin cukurkuɗaɗɗiyar raga ka miƙa masa, sai ta warware kamar tana jin kunyarsa." Matar wani injiniya ɗan Najeriya, da Baba ke kula musu da tankin kifi, ta ce har yau mijinta bai gane yadda tsoho zai tura hannu gaban kifin shak ya fito da yatsunsa cif ba.

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana gefe tana jan carbi tana jin su. Da ɗakin ya ɗan rage ta ce, "Hannu dai ya sha yabo. Bakin fa? Ba mai tuna bakin nan da ba ya barin ta kwana?" Muka yi dariya, dariyar ta koma kuka, ita ce ma ta fara.

Ni kuwa ana ce mini "Ya haƙuri?" ina cewa "Da godiya," amma hankalina ba ya ɗakin. Yana Khumra, cikin wani sito, inda Baba ya bar ɗan kifi da zare a wuya, ya kuma bar mini wasiyyar in cire masa. Ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake ji iri biyu: in je in tarar ya mutu, ko in tarar da ransa ya zama dole in sa hannu. Ina rubuta wannan ne saboda jikokin Baba, da Hausa ta fara yi musu nauyi a baki. Hotonsa kawai za su gani a waya, hoto kuwa ba ya nuna abin da mutum yake yi da hannunsa.

Girshi muke ce masa a nan Jidda, kifin nan mai haƙora da 'yan Najeriya ke kira shak. Baba ya fara da kamun kifi a jiragen mutane. Da gwiwa ta fara ba shi matsala sai ya koma wurin wani mai sayar da kifin ado, wanda ya zama kafilinsa, ubangidan da ke tsaya masa a takardun zaman ƙasa, har ƙarshen rayuwarsa. Siton mutumin a Khumra cike yake da tankunan gilashi, daga nan ake kai kifi gidajen masu hali da gidajen abinci. Ma'aikata da yawa sun iya wanke gilashi da canza ruwa. Amma in aka ce ƙaramin girshi ya ji ciwo ko za a sauya masa tanki, kowa sai ya tuna yana da wani aikin a waje. Sai a kira Baba.

Muna yara yakan kai mu siton ranar Juma'a bayan an sauko, ni da ƙanena Auta. Innarmu ta rasu tun Auta yana goye, don haka duk inda Baba ya sa ƙafa muna biye. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Ranar da ya fara sa ni taɓa girshi ya riƙe wuyan hannuna ya ce, "Uwata, shafa daga kai zuwa jela." Na shafa, santsi kamar bayan cokali. "Yanzu dawo." Na dawo da yatsana, sai na ji kamar dutsen goge kaushi, na fizge hannu. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kifin ɗaya ne, hannun ɗaya ne. Hanyar da kika bi ce ta bambanta."

Auta bai tsaya an koya masa ba. Yana ɗan shekara tara ya faki idon Baba ya damƙi jelar wani. Ashe ƙaramin girshi kamar bulala yake, yana iya lanƙwashewa har bakinsa ya kai jelarsa. Ya juyo ya kama babban yatsan Auta. Baba ya wanke ciwon ya ɗaure, ko sannu bai ce ba, abin da ya ce shi ne, "Kai ma in aka ja ka ta baya ai juyowa za ka yi." Yau Auta yana da 'ya'ya uku da gemu, amma ko soyayyen kifi sai an cire masa kai kafin ya ci. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Abin da ya sa ake kiran Baba shi ne juyawa. Ba ya zuwar wa kifi ta baya. Ta gaba yake zuwa, a hankali, ya sa tafinsa ƙarƙashin haɓa, ya ɗan shafi hancin da yatsa, sannan ya juya shi rigingine a cikin ruwan. Nan take kifin da ke fizge-fizge sai ya saki jiki ya yi lamo, farin cikinsa a sama, numfashinsa ya ja baya. A wannan ɗan lokacin ake cire ƙugiya ko a wanke ciwo. Baba ba ya duba agogo. Yana juya shi sai ka ga leɓensa na motsi: astagfirullah, astagfirullah. Yana kaiwa talatin da uku zai mayar da kifin daidai, ko aikin ya ƙare ko bai ƙare ba. In bai ƙare ba ya bar shi ya huta, ya sha shayinsa, ya dawo.

A kan wannan ƙirgen muka yi faɗan da ba zan manta ba. Na girma, na fara aiki, wata rana na kwashi ƙawayena biyu na kai su siton don in yi alfahari da ubana. Ya juya wani girshi, suka fito da waya suna ɗauka. Kafin ɗayarsu ta gama saita tata, ya mayar da shi.

Na ce, "Haba Baba, ka ƙara shuwayya, ɗan kaɗan mana. Ai daɗi yake ji, dubi yadda ya yi lamo."

Ya fito da hannunsa yana ɗigar ruwa ya dube ni. A gaban baƙi ya ce, "Daɗi? Shi ya gaya miki? Shirun nan ba yarda ba ce, Uwata. Ƙarfinsa ne ya tafi, amma idonsa biyu. Shekara da shekaru ina riƙe su ban san abin da suke ji ba, ke daga zuwa yau har kin sani. Me kike tsammani ya sa nake neman gafara tun ina riƙe da shi? Yalla, ku mayar da wayoyinku jaka."

Sati guda na yi ina gaishe shi a tsaye. Ni ma ai 'yarsa ce, ban iya saukowa ba. Rana ta takwas na dawo daga aiki na tarar da tiren sayadiyya a ƙofar ɗakina, shinkafar kifin nan da ya san ba na iya wuce ta. Ya cire mini ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Haƙurin da ya ba ni ke nan, ni kuma na cinye tas, nawa haƙurin ke nan.

Wata biyu kafin rasuwarsa wani abokinsa masunci ya kawo masa ɗan girshi cikin bokiti, tsawonsa bai fi kamu ɗaya da rabi ba, da farin tabo a bakin fiffikensa. Zaren fatsa ne ya naɗe shi zagaye uku a bayan kai, dab da tsagun da yake numfashi da su, kuma yana girma zaren yana nutsewa cikin nama. Baba ya roƙi kafili aron wani tanki a can ƙuryar sito. Ya yanke zagaye biyu. Na ukun ya shige da yawa, ya ce sai kumburin ya sauka, daga nan ya mayar da shi teku. Ana cikin jiran ne ya faɗi a bakin ƙofar masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Yanzu zan faɗi abin da ke cina, don in na ɓoye shi rubutun ba shi da amfani. A asibiti Baba ya kasa haɗiya, aka ce sai an sa masa robar abinci ta hanci. Sau biyu yana fizge ta da hannun hagu. A karo na uku ma'aikatan jinya suka ce wani nasa ya riƙe shi. Suna da gaskiya, in bai ci ba mutuwa zai yi. Na matso. Ban danne shi ba. Na zo masa ta gaba, na sa tafina ƙarƙashin haɓarsa, na shafi goshinsa, na kwantar da shi rigingine. Ya saki jiki. Robar ta ƙi shiga, aka sake, aka kira wata ta gwada, aka daɗe. Duk tsawon lokacin yana kwance shiru, idonsa a kan silin. Na fito ina jin kaina wata gwana, na ce wa Gwaggo, "Alhamdulillahi, yau ya kwantar da hankalinsa."

Washegari da safe bakinsa ya ɗan buɗe. Na sunkuya don in ji.

"Uwata. Jiya kin juya ni."

Na ce, "Baba, don lafiyarka ne."

"Na sani. Ni ma don lafiyarsu nake yi." Ya huta, ya haɗiyi iska. "Amma ba ki ƙirga ba."

Ban ƙirga ba. Ko tunanin in ce su dakata ya huta bai zo mini ba. Ya kama wuyan hannuna da hannun hagunsa, daidai inda yake kamawa ina yarinya, ya ce, "Ɗan girshin nan. Saura zagaye ɗaya. Ki cire masa, ki mayar da shi. Auta ba zai iya ba." Aka shigo za a gyara masa shimfiɗa, aka ce in ba da wuri. Na fita da nufin in na dawo in nemi gafararsa. Bakin bai ƙara buɗewa ba, bayan kwana biyu ya cika.

Ranar uku kafili ya zo gaisuwa. Mutumin kirki ne, shi ya riƙa sabunta wa Baba iƙama, takardar izinin zama, ko da ƙarfinsa ya ragu, kuma ya yi kuka a maƙabarta. Amma ya ja Auta gefe ya ce tunda babu mai kula da girshi yanzu, ranar Alhamis zai kwashe tankunan ƙuryar. Ɗan kifin nan kuma ya fi sati bai ci komai ba, ma'aikata suna jefa masa abinci daga nesa yana ruɓewa a ƙasa. In ba mai ɗauka, a kai shi kasuwa tun bai mutu a banza ba.

Auta ya shigo ya gaya mana. A nan na fasa ƙwai, na faɗi wasiyyar. Ya riƙe kai. "Yaya, halas, ya isa haka, kifi ne fa. Samaka! Hannunki kike so ki rasa? Baba yana cikin ciwo ya faɗa, Allah ba zai kama ki ba."

Na ɗauka Gwaggo za ta goyi bayansa, don tun ina ƙarama take faɗan Baba ya mayar da 'ya mace masunciya. Sai ta ce, "Da bakinsa ya faɗa miki?" Na ce e. "Yana cikin hankalinsa?" Na gaya mata sauran, har maganar ƙirgen. Sannan ta ce, "Wanda ya iya gaya miki wannan baƙar maganar a gadon asibiti, hankalinsa garau yake. Gobe da safe. Kai kuma ka kawo mota, ba hannunka aka nema ba."

Da safiyar Laraba muka kama hanyar Khumra, manyan motoci na ta wuce mu. Ina ta addu'a ban san wacce nake so a amsa ba. Muka shiga siton, injinan iska na ta gurnani. Kofin shayin Baba yana nan a kan tankin, almakashinsa a rataye da igiya. Na leƙa. Kifin yana kwance a ƙasa, ya rame har kansa ya fi jikinsa, zaren ya yi ja a wuyansa. Na zuba ido a kan tsagun numfashin. Suka buɗe, suka rufe. Yana da rai, wato babu mafita.

Na naɗe hannun abaya. Gwaggo ta ja kujerar Baba ta zauna, ta ce, "Ni zan ƙirga. Ke ki ji da hannunki." Auta ya tsaya nesa yana haska mini da waya.

Sau biyu ina kai hannu yana zillewa. A na uku na tuna ta gaba ake zuwa, na bar tafina a buɗe a ƙasan ruwa har ya daina gudu. Na tura ƙarƙashin haɓarsa. Sanyi, da nauyin da ban zata ba. Na shafi hancin, na juya shi. Ya yi lamo a hannuna, idonsa a buɗe, kuma wallahi idon Baba na gani a kan silin. Gwaggo ta fara: astagfirullah, astagfirullah.

Zaren ya nutse, nama ya rufe shi. Na lalubi inda zan sa bakin almakashi, ya zame. Na sake, ya zame. Ina jin ƙarar 'ya'yan carbin suna faɗawa kan juna, ina roƙon su rage sauri. Da ƙyar bakin almakashin ya shiga ƙarƙashin zaren, amma a karkace, in na datse haka zan haɗa da tsagar numfashi. Ina cikin gyara shi sai carbin ya tsaya.

"Talatin da uku," in ji Gwaggo.

Auta ya ce, "Kammili, Yaya, ƙarasa! Saura kaɗan! In kika sake shi ba zai ƙara yarda ba!"

Gaskiya ya faɗa, saura kaɗan. Daƙiƙa goma ta isa, ƙila ma biyar. Kuma ban da tabbacin kifin da ya yi sati bai ci ba zai jure a juya shi sau biyu. Gwaggo kallona kawai take. Na zare almakashin, na mayar da shi daidai. Ya yi wata girgiza da ta watsa mini ruwan gishiri a fuska, ya koma lungu ya kwanta.

Muka jira. Na zauna a ƙasa ina kallon tsagun nan suna buɗewa suna rufewa, ina cewa a raina in ya mutu yanzu ni na kashe shi da taurin kaina, alhali na riga na sa almakashi. Mai gadi ya kawo mana shayi ya huce ba a sha ba.

Da na koma, abin da Auta ya faɗa ya tabbata. Kifin ya gane hannuna. Na juya shi ya ƙi sakin jiki, jelar tana lanƙwasowa tana neman wuyan hannuna, kuma ba zan iya riƙe shi da hannu ɗaya in yi yanka da ɗayan ba. Sai na ga wani hannu ya shigo ruwan, da tsohon tabo a babban yatsa. Auta ya tallafi bayan kifin, fuskarsa ya kawar gefe kamar mai jiran allura, yana ta "Ya Sattar, ya Sattar." Kifin ya lafa. Gwaggo ta fara daga farko. A na ashirin da wani abu na ji ƙas, zaren ya katse. Na jawo shi a hankali ya fito da ɗan jini, wani siririn abu da bai kai tsawon yatsana biyu ba. Muka mayar da shi daidai tana na talatin.

Ba mu iya barinsa ya warke a tanki ba, Alhamis gobe ce. Muka sa shi a babbar kula da ruwan tankin da ɗan injin iska mai batir, muka bi hanyar kudu har inda abokan Baba ke tura jiragensu. Rana ta take. Ni da Auta muka shiga ruwa har gwiwa, muka karkata kular ya sulale. Ya sauka kan yashi ya kwanta, ko motsi.

Na ce shi ke nan, mun wahalar da shi a banza. Na durƙusa cikin ruwan da abayata, na tallafe shi, na riƙa tura shi gaba a hankali don ruwa ya bi ta bakinsa, yadda na sha ganin Baba yana yi. Daga bakin gaɓa ina jin Gwaggo ta ɗauki ƙirge ba wanda ya sa ta. Ta kai talatin da uku. Ta sake ɗaukowa. Auta ya ce, "Yaya," bai ƙarasa ba.

Sai na ji jikin ya yi tauri a tafina. Jelar ta kaɗa sau ɗaya, ta goge wuyan hannuna ta hanyar kaushin, ta ɗebe fata. Kafin in ce wash ya bar hannuna. Muka bi farin tabon fiffikensa da ido yana tafiya bisa yashi, har ruwan ya yi duhu muka daina ganinsa.

Ban sani ba ko ya rayu. Baba ma ba ya sanin ƙarshen waɗanda ya saki, kuma ban taɓa jin ya yi ƙaryar ya sani ba. Na dai tsaya cikin ruwan, gishiri na cin ciwon hannuna, na faɗi abin da aka fitar da ni daga ɗakin asibiti ban faɗa ba. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Yau na ƙirga." Gwaggo ta ce in fito haka nan kafin jinin ya kira iyayen kifin, ta yage gefen mayafinta ta ɗaure mini.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka ba ƙarfi, ba baki. Ya yi shekara arba'in yana neman gafararka a kan halittun da ba za su iya kai ƙararsa ba. Ka riƙe shi da sauƙin da ya riƙe su, kada ka tsawaita masa jira.